Mujallun Gajerun Labaran Kimiyya da Al'ajabi: Wacce Za Ka Zaɓa, Kuma Wa Zai Riƙe Ta?

A ranar 20 ga Fabrairun 2023, editan wata mujalla da ke fitowa a Amurka mai suna Clarkesworld, wato Neil Clarke, ya ba da sanarwar cewa ya dakatar da karɓar labarai daga marubuta har sai abin da hali ya yi. Wannan mujalla tun 2006 take fitar da gajerun ƙagaggun labaran kimiyya a kowane wata, kuma an san ta da barin ƙofarta a buɗe ga duk mai alƙalami, fitacce ne ko ɗan koyo. Abin da ya tilasta masa rufe ƙofar shi ne, cikin kwana 20 kacal na wannan wata an turo masa labarai fiye da 500 waɗanda na'ura ce ta rubuta su. Watanni uku kafin nan ne manhajar ChatGPT ta fito, sai wasu masu neman kuɗi a sauƙaƙe suka ji labarin cewa mujallar tana biyan marubuta da dala, suka duƙufa suna sa na'ura ta zubo musu rubutu suna aikawa. Daga baya an sake buɗe ƙofar, amma darasin ya zauna.

Mai karatu zai iya cewa, to ina ruwan biri da gada? Mu da muke fama da tsadar abinci da kuɗin makarantar yara, me ya haɗa mu da matsalar wata mujallar tatsuniyoyin taurari a Amurka? Tambaya ce mai ma'ana, kuma ita nake son amsawa. Ra'ayina shi ne, waɗannan ƙananan mujallu su ne maƙyanƙyasar wani babban reshe na adabin duniya, 'yan Najeriya sun riga sun shiga cikinsa har sun ciyo lambobin yabo, kuma rayuwar mujallun ta rataya ne a wuyan 'yan tsirarun masu karatu da suka yarda su biya. Wanda ya iya Turanci, yake da waya a hannu da albashi a ƙarshen wata, yana cikin waɗanda za su iya zama irin wannan mai karatu.

Da farko ya kamata mu san abin da ake magana a kai. Adabin nan kashi biyu ne da ake yawan haɗa su a gida ɗaya. Na farko shi ne ƙagaggen labarin kimiyya, inda marubuci zai ɗauki wani abu na ilimi ko fasaha, kamar tafiya duniyar Mirrihi, ko mutum-mutumi mai tunani, ko sauyin yanayi, ya tambayi kansa yadda rayuwar mutane za ta kasance idan abin ya tabbata. Na biyu shi ne labarin al'ajabi, inda ake gina duniya mai aljanu da tsafi da dodanni da sarakunan da ba su taɓa wanzuwa ba. Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma duk wanda ya karanta su ya san aljanu da ƙasashen mamaki sun cika su. Haka Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. A 1969 kuma, shekarar da ɗan Adam ya taka duniyar wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da ya yi balaguro sararin samaniya tare da wani baƙon halitta. Ke nan ɗanɗanon nan mun daɗe da shi.

A ƙasashen Turawa kuwa, wannan adabi a cikin mujallu ya girma kafin ya shiga littattafai da finafinai. Weird Tales ta fara fitowa a 1923. A watan Afrilun 1926 Hugo Gernsback ya kafa Amazing Stories, mujalla ta farko da ta keɓe kanta ga labaran kimiyya zalla, kuma sunansa ne aka sa wa lambar yabo ta Hugo, wadda aka fara bayarwa a 1953. Astounding ta biyo baya a 1930, aka sauya mata suna zuwa Analog a 1960. A cikinta ne Isaac Asimov ya fara buga labaran Foundation daga 1942, a cikinta kuma aka riƙa fitar da Dune na Frank Herbert kashi-kashi daga 1963, kafin ya zama littafi a 1965. Mujallar Fantasy and Science Fiction, da aka kafa a 1949, ita ta buga Flowers for Algernon na Daniel Keyes a 1959. A ƙasar Sin ma haka abin yake: mujallar Science Fiction World ta birnin Chengdu ce ta fara fitar da The Three-Body Problem na Liu Cixin a 2006, shekara tara kafin fassararsa ta Turanci ta ci lambar Hugo a 2015. Duk finafinan da matasanmu ke kallo na waɗannan labarai, asalinsu wani edita ne da ya zauna ya karanta rubutun wani, ya ga alamar haske, ya biya shi kuɗi kaɗan, ya buga.

Wannan shi ne aikin da mujallar gajerun labarai take yi wanda babban kamfanin ɗab'i ba ya iya yi. Kamfani ba zai zuba jari mai yawa a kan wanda ba a sani ba. Mujalla kuwa tana iya gwada sabon marubuci da shafi goma, idan ya yi kyau masu karatu su riƙe sunansa, idan bai yi ba a ba shi dama wata mai zuwa. Marubutan Afirka sun ci moriyar wannan ƙofa ƙwarai. Labarin Wole Talabi mai suna Wednesday's Story a mujallar Lightspeed ya fito a 2016, ya kuma shiga jerin ƙarshe na gasar Caine a 2018. Oghenechovwe Donald Ekpeki ya ci lambar Nebula a 2022 da labarinsa O2 Arena, wanda mujallar Galaxy's Edge ta buga. Ba su bi ta hannun wani ubangida ba. Rubutu suka aika, aka karanta, aka karɓa.

Yanzu mu zo ga lissafi, domin nan ne gizo ke saƙar. Ƙungiyar marubutan wannan fanni ta Amurka, SFWA, ta tsayar a 2019 cewa mafi ƙarancin ladan da za a kira na ƙwararru shi ne senti 8 a kan kowace kalma. Labari mai kalma 5,000 ke nan dala 400 ne. A ce mujalla tana buga irin wannan labari guda shida a wata, kuɗin marubuta kaɗai ya kama dala 2,400, ba a zo ga mai zanen bango da mai gyaran rubutu da kuɗin ajiye mujallar a intanet ba, balle ladan editan kansa. Idan kowane mai karatu yana ba da dala 3 a wata, sai an sami mutum 800 kafin a biya marubuta kawai. Wannan misali ne na kawo don a ga girman ramin, amma ya isa ya nuna cewa tsakanin rayuwar mujalla da mutuwarta, sau da yawa 'yan ɗaruruwan mutane ne.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, yawancin mujallun da suka taso a zamanin intanet kyauta suke sakin labaransu. Strange Horizons, da aka kafa a 2000, 'yan sa-kai ne ke gudanar da ita, kuma da gidauniyar shekara-shekara take biyan marubuta. Uncanny, wadda Lynne Thomas da Michael Damian Thomas suka kafa a 2014, da karo-karon masu karatu ta dandalin Kickstarter ta tashi. Clarkesworld da Lightspeed da Beneath Ceaseless Skies duk ana iya karanta labaransu ba tare da biyan ko sisi ba. Wannan alheri ne babba, musamman ga mai karatu a Kano ko Zinder da ba zai taɓa ganin bugun takarda a kanti ba. To amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Dubban mutane suna karantawa, kaɗan ne ke biya, kuma waɗannan kaɗan ɗin su ke ɗauke da kowa.

A 2023 aka ga yadda wannan gini yake da rauni. Shekara da shekaru, kaso mai tsoka na masu biyan kuɗin wata-wata ta hanyar kamfanin Amazon suke biya, mujallar ta riƙa sauka a na'urarsu ta Kindle. A ƙarshen 2022 kamfanin ya sanar da cewa zai rufe wannan tsari, ya kuma rufe shi a watan Satumban 2023. Masu karatun abokan cinikin kamfanin ne, don haka editoci ba su da adireshinsu balle su bi su ɗaya bayan ɗaya su ce ga sabuwar hanya. Fantasy Magazine ta yi bankwana da fitowarta ta Oktoban 2023, kuma masu ita sun ambaci wannan mataki cikin dalilansu. Sauran suka shiga roƙon masu karatu su dawo su biya kai tsaye. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Tsofaffin mujallun takarda ma ba su tsira ba. Analog da ta haura kwafi 100,000 a farkon shekarun 1980 ta yi ƙasa sosai, kuma a 2025 ita da Asimov's da Fantasy and Science Fiction duk suka koma hannun sabon mai gida guda.

To, wanda ya yi niyyar shiga wannan lambu, ta ina zai fara? Shawarata ta farko ita ce kada ya biya kowa tukuna. Ya ware wata biyu ko uku yana ɗanɗanawa, tunda gani ya kori ji, kuma ɗanɗanon kyauta ne. Mujalla halin editanta take ɗauka, kamar yadda gidan abinci yake ɗaukar hannun mai girki. Injiniya ko likitan da ke son labarin da aka gina a kan lissafi da ilimin taurari, wanda ba a yi wa kimiyya ƙarya a ciki ba, zai fi jin daɗin Analog. Mai son a haɗa kimiyya da zurfin halayyar ɗan Adam ya duba Asimov's, wadda aka kafa a 1977, ko Clarkesworld, wadda kuma ta yi suna wajen buga fassarar labaran marubutan Sin. Wanda ya tashi da Dare Dubu da Ɗaya da littattafanmu na yaƙi da jarumta, yake son takubba da fadoji da duniyoyin da aka ƙaga tun daga tushe, Beneath Ceaseless Skies, da Scott Andrews ya kafa a 2008, ita ce gidansa. Uncanny da Strange Horizons sun fi karkata ga salon adabi da waƙe da sharhi. Wanda kuma hanyar ofis ta cinye masa lokaci, akwai mujallun sauti irin su Escape Pod, da ta fara a 2005, da 'yar uwarta PodCastle, inda ake karanta labarin a saurara kamar rediyo. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Akwai abin da ya kamata a faɗa ba ɓoye-ɓoye. Waɗannan mujallu a cikin al'adar wasu mutane suke fitowa, kuma mai karatu Musulmi ko Kirista daga Arewa zai ci karo da labaran da suka saɓa wa tarbiyyarsa da aƙidarsa, wasu mujallun fiye da wasu. Wannan ma wani dalili ne na ɗanɗanawa kafin biya, da kuma karantawa kafin a miƙa wa yara. Wasu daga cikinsu sukan sa gargaɗi a saman labari game da abin da ke ciki. Mutum mai hankali yana iya tsince tsakuwa daga shinkafa ba tare da ya zubar da tukunyar ba.

Bayan ɗanɗano sai a duba mutunci. Akwai tambayoyin da amsarsu ke fili a ƙa'idojin kowace mujalla. Shin tana biyan marubuta, kuma ta faɗi nawa? Shin tana karɓar kuɗi daga marubuci kafin ta karanta aikinsa? Tsohuwar ƙa'idar wannan fanni ita ce kuɗi wurin marubuci yake tafiya, don haka duk mujallar da ke cewa a biya kafin a duba, a yi hattara da ita. Shin ƙofarta a buɗe take ga wanda ba a sani ba, ko kuwa sunaye goma ne ke ta zagayawa? Shin tana fitowa a kan lokaci? Sannan, bayan abin da ya faru a 2023, mece ce matsayarta a kan rubutu da zanen ƙirƙirarriyar basira? Manyan mujallun sun bayyana ƙarara cewa ba sa karɓa. Wanda zai ba da kuɗinsa yana da haƙƙin sanin cewa hannun ɗan Adam kuɗin zai shiga.

Tambaya ta gaba ta fi shafar mu: su wane ne ake bugawa? A 2016 mujallar Fireside ta fitar da wani rahoto da ya girgiza fannin, inda aka ƙirga labarai 2,039 da mujallu 63 suka buga a 2015, aka tarar 38 ne kawai baƙar fata suka rubuta, wato ƙasa da kashi biyu cikin ɗari. Cikin irin wannan yanayi ne FIYAH ta fara fitowa a farkon 2017, mujallar da ta keɓe shafukanta ga marubuta baƙar fata, kuma a 2021 ta ci lambar Hugo a rukuninta. Tun kafin nan, a nan gida Najeriya, Mazi Nwonwu da Chinelo Onwualu sun kafa Omenana a 2014, mujallar intanet ta labaran kimiyya da al'ajabi na marubutan Afirka da 'yan Afirka mazauna waje, kuma kyauta ake karanta ta. Da dama daga cikin sunayen da ake ji yau a wannan fanni daga nahiyarmu sun ratsa ta cikinta. Tun 2017 kuma ƙungiyar marubutan wannan adabi ta Afirka take ba da lambar yabo ta Nommo. Idan ɗan Najeriya zai tallafi mujalla ɗaya tak, ban ga dalilin da zai sa ya tsallake ta ƙofar gidansa ba, musamman da yake abin da naira za ta yi wa mujallar gida ya fi abin da za ta yi wa ta waje nesa ba kusa ba.

Game da yadda za a biya, darasin 2023 ya wadatar: zuwa da kai ya fi saƙo. A biya mujalla kai tsaye, ko ta dandalin Patreon inda da yawansu ke karɓar gudummawar wata-wata, ko ta ƙananan kantunan littattafan intanet irin su Weightless Books, ta yadda editan zai san da kai, kuma idan wani kamfani ya sauya ra'ayi gobe zumuncinku ba zai yanke ba. Kuɗi kaɗan da ke zuwa kowane wata ya fi wa edita amfani a kan kyauta mai tsoka sau ɗaya, domin da shi yake sanin labari nawa zai iya saya a wata mai zuwa. Kuma mujalla ɗaya da aka riƙe shekara biyar ta fi biyar da aka riƙe wata uku aka watsar.

Na san za a ce dala ta yi tsada, kuma gaskiya ne. Tun da aka saki naira a kasuwa a watan Yunin 2023, dala uku ta daina zama ƙaramin kuɗi ga ma'aikacin gwamnati, kuma an yi shekarun da katunan naira na bankuna da yawa ba sa biyan komai a waje, kafin wasu su dawo da hakan a 2025. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abokai huɗu a ofis ɗaya za su iya haɗa kuɗin da kowannensu ba zai ji a jikinsa ba, su aika a matsayin gudummawa. Malaman sashen Turanci da na harsunan Najeriya a jami'o'inmu za su iya sa labaran Omenana cikin abin da ɗalibai ke nazari, ɗakunan karatu kuma su sa mujalla ɗaya ko biyu cikin kasafinsu. Wanda ba shi da ko kwabo ma yana da abin bayarwa: ya karanta, ya tura wa aboki adireshin labarin a maimakon kwafe shi ya raba, ya rubuta sharhi a jarida irin wannan, ya ambaci sunan marubucin da na mujallar tare. Abin da bai kamata ba shi ne a shiga sahun masu cika wa editoci akwati da rubutun na'ura. Duk lokacin da irin wannan ambaliya ta sa aka rufe ƙofa ko aka ƙara tsananta bincike, sabon marubuci daga ƙasa irin tamu, wanda ba shi da kowa a can, shi ne na farkon shan wahala.

Daga ƙarshe, akwai tambayar da ta fi damuna. Muna da tarihi tun daga Imam har zuwa Dembo, muna da dubban matasa masu rubutu a waya, gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 kuma ta nuna cewa gajeren labari yana da marubuta da masu sauraro a cikinmu. Strange Horizons ta buɗe reshe mai suna Samovar a 2017 musamman don labaran da aka fassaro daga wasu harsuna, wato ƙofa ce da labarin Hausa zai iya bi ya fita duniya. Abin da ya rage mana shi ne gida na dindindin, mujallar Hausa da za ta riƙa fitowa a kan lokaci, mai edita da ke tacewa, mai biyan marubuci ko da kaɗan ne, inda yarinya daga Gusau za ta aika labarin Kano ta shekara 100 masu zuwa, ko na tafkin Chadi bayan ya ƙafe ko ya dawo, a karanta a gyara a buga. Irin wannan mujalla ba za ta faɗo daga sama ba, kuma tarihin da na zayyana ya nuna cewa ko an kafa ta, ba attajiri ɗaya ko gwamna ɗaya ne zai raya ta ba. 'Yan ɗaruruwan masu karatu ne da suka saba da ciro kuɗi daga aljihu saboda labari. Wannan sabo kuwa koyonsa ake yi, kuma ana iya fara koyonsa a wannan watan da mujalla guda da ta riga ta wanzu.

Allah Ya sa mu dace.